Mahfuzu Ya Kai wa Matsirga Labule

Ɗan yayana ne, saboda haka ba zan yi masa ƙari ba, ba kuma zan ɓoye abin da duk Garuwa ta riga ta gani ba. Mahfuzu aka raɗa masa, amma tun ranar da ya ba da babur ɗinsa aka ba shi wata ƙatuwar kyamara, ya ce duk mai son ya amsa sai ya kira shi Metir, kamar yadda ake kiran lauya da Faransanci.

Ubansa Mahmudu, Allah Ya jiƙansa, shi ne mai hoton Hausawan garin nan shekara talatin. Ƙungiyar 'yan kasuwarmu ce ta ba shi wani ɗan ɗaki a layin masu shadda. Wanda ya yi aure, wanda ya dawo daga Makka, wanda ya sayi sabuwar rediyo, duk a ɗakin nan suka zauna aka ɗauke su, a gaban wani labule da aka zana wa matsirga: ruwa shuɗi yana zubowa daga kan dutse, agwagi biyu farare suna iyo, ga wani ɗan gida mai jan rufi da ban taɓa ganin irinsa a ƙasar nan ba. Da yaya ya rasu, Mahfuzu ya gaji makulli da labule. Masu zuwa ne bai gada ba, don waya ta riga ta shiga aljihun kowa. Kullum yana kan benci a ƙofar ɗakin yana gaya wa masu wucewa cewa hoton waya ba hoto ba ne, inuwa ce.

A taron watan Oktoba, Alhaji Mahamat, shugaban ƙungiya, ya ɗauko maganar kalanda. Kowace shekara mukan buga ta, lokutan salla a ƙasa, hoto a sama. Ya ce bana ya gaji da gadar Binuwai. An ba shi labarin wata matsirga a daji, can bayan Ngong, a wani rafi da ake kira Mayo Jaɓɓe, ita yake so a ɗauko, shugabanni suna tsaye a gabanta. Sannan ya juya.

"Mahfuzu, ɗakin nan, wata nawa rabon da wani ya shige shi?"

"Metir, Alhaji."

"Wata nawa, Metir?"

"Ɗakin hutawa yake yi. Aikin gwaninta ba a yi masa gaggawa."

"To Nasiha ta roƙi ƙungiya ta ba ta shi ta sa kekunan ɗinkinta."

Nasiha 'yata ce. Ɗinki take yi a soron gidan mijinta, kuma da waya take ɗaukar kayan da ta ɗinka ta tura wa mata, har daga Maruwa ake kawo mata aiki. Ita da Mahfuzu taubasai ne, ɗan namiji da 'yar mace, tun suna rarrafe suke tsokanar juna, kuma al'ada ba ta ba kowa damar fushi ba.

Alhaji ya ce, "Ga abin da za a yi. Ku biyu ku ɗauko matsirgar. Wanda hotonsa ya hau kalanda, makulli nasa ne."

Mahfuzu ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Abin da ake tambayar kuɗin tumatir da shi za a haɗa da aparai?" Aparai shi ne yadda ake kiran kyamara a nan. "Ke 'yar mace, ki zo da kujera ki zauna ki ga aiki."

"Kada ka damu, Metir," in ji Nasiha. "In na karɓi ɗakin zan bar maka kusurwa ɗaya ka riƙa sa mini maɓalli."

Ni na rasa wanda zan yi wa addu'a, sai na ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, na kuma ce zan bi su da abinci.

Ranar Asabar bayan asuba muka haɗu a bakin kasuwa, ƙaramar bas tana jira. Alhaji ya sha farar shadda da rawani. Malam Walid, magatakardan ƙungiya, shi ma farar shadda, ta sha bugu har tana ƙara in ya motsa. Hajiya Yagana, shugabar mata, ta ɗaura lafaya mai ruwan ƙwai. Nasiha ta zo da jakar hannu kawai.

Mahfuzu ya zo da amalanke. Akwai ƙarfe mai ƙafa uku, da laima biyu masu azurfa a ciki, da kujerar katako mai hannu, da darduma, da tulun furen roba, da igiya, da wani dogon abu a naɗe da direba ya ɗaure a saman mota bai tambaya ba. Kyamarar kuwa a ƙirjinsa take, hancinta ya kai tsawon taɓarya.

"Ƙaura za ka yi?" in ji Hajiya Yagana.

"Hajiya, likita ba ya zuwa aiki da hannu biyu."

Da aka zo zama, ya ce aparai ba ta son girgiza, ba ta son ƙura, ba ta son a matse ta. Ya ɗora ta a kujerar gaba, ya ɗaura mata bel, shi kuma ya tsuguna a kan murfin inji, tsakaninta da direba. Kafin mu kai Ngong ya canja zama ya fi sau ashirin.

"Metir, kamar ina jin ƙaurin wani abu," in ji Nasiha daga baya.

"Ƙaurin hassada ne."

A Ngong aka tsaya sayen gasasshen nama. Ya hana a buɗe tagar gaba don kada hayaƙi ya taɓa ta, ya sauka yana tafiya a buɗe kamar wanda ya wuni a kan jaki. Mai naman ya tambaye shi ko ɗan jarida ne. Ya ce ya wuce nan, 'yan jarida wurinsa suke zuwa tambaya.

Daga nan muka bar kwalta. Awa biyu mota tana faɗawa rami tana fita, har ta kai wani ƙauye inda hanya ta ƙare. Wata mata mai suna Angèle, da gonarta ke kusa da rafin, ta yarda ta kai mu. Da ta ga kayan sai ta tambaya da Fulatanci ko biki za a yi. Direba ya ɗauki kujera a ka, Malam Walid ya ɗauki laima, Hajiya Yagana ta rungumi furen roba tana ratsa daji da shi, furanni na gaske suna gogar lafayarta. Dogon naɗin nan kuwa Mahfuzu da kansa ya saɓa, yana bugun kowane reshe da shi.

Tun kafin mu gan ta muka ji ta, wani gurnani kamar hadari a ƙarƙashin ƙasa. Sai iska ta yi sanyi. Muka zagaya wani dutse, ga ta.

Ni dai "Subhanallahi" kawai na iya cewa. Ruwa ne yake faɗowa daga sama, tsayinsa ya fi hasumiyar masallacin unguwarmu, yana dukan duwatsu yana tashi kamar hayaƙi. Itatuwa sun rufe gefe da gefe, kore shar, jijiyoyinsu na reto. Na girma a bakin Binuwai, amma ban taɓa ganin ruwa a tsaye ba. Alhaji ma tasbihi ya shiga yi ƙasa-ƙasa.

Nasiha ta ciro waya, ta matsa nan, ta durƙusa can, ta danna sau uku, ta sa ta a leda, ta zo ta taya ni sauke kwanuka.

"Har kin gama?" in ji Mahfuzu.

"Na gama."

"Allah sarki."

Angèle ta nuna masa wani shimfiɗaɗɗen baƙin dutse a bakin ruwa, ta ce kada a tsaya a kai, gansakuka ce. Ta kuma ce in rana ta karkata iska takan taso daga ƙasan kwari da ƙarfi, gara a gama da wuri. Mahfuzu ya ce a gaya mata ya gode, amma ita ta san dawa, shi ya san haske. A kan dutsen nan ya kafa ƙafa uku.

Ya leƙa ta idon kyamara ya daɗe. Ya ɗago fuska a yamutse.

"Wannan matsirgar tana da matsala."

"Wace iri?" in ji Alhaji.

"Da farko, a karkace take. Na biyu, itatuwan hagu sun fi na dama yawa. Na uku, ku dubi ruwan. Wannan ruwa ne ko kunun gyaɗa?"

Gaskiya ruwan ja-ja ne, don ƙarshen damina ne.

"Ka kai ƙara wurin Mai shi," in ji Hajiya Yagana.

"Astagfirullah, Hajiya, ba haka nake nufi ba. Ina nufin ba ta shirya ba."

Ya dai jera su. Alhaji a kan kujera, darduma a ƙarƙashin ƙafarsa. Malam Walid a tsaye, hannu a kafaɗar kujera. Hajiya Yagana can gefe da furen roba. Ya koma ya leƙa, ya ce ba ya ganin komai. Feshin ruwa ya rufe gilashin. Ya goge da hannun riga, ya leƙa, ya sake rufewa. Ya goge da hula. Ya nemi bakin rawanin Alhaji, Alhaji ya buge masa hannu. Kafin ya gama goge-gogen nan shaddar Malam Walid ta daina ƙara, ta lafe masa a jiki kamar zanen wanka.

"Yanzu ku saurara," in ji Mahfuzu, yana ɗaga murya saboda ƙarar ruwa. "Akwai sirrin da waya ba ta sani ba. Zan bar idon aparai a buɗe har in ƙirga talatin. Ruwan zai fito sumul kamar siliki."

"Mu fa?" in ji Malam Walid.

"Ku kada ku motsa. In da hali kada ku yi numfashi. Atansiyo! Buje pa!" Ya fara ƙirga da Faransanci: "An, de, turwa..."

A bakwai ƙudan tsando ya sauka a wuyan Malam Walid. Ya daure har tara, sannan ya kai wa kansa mari. Aka sake. A sha biyu Alhaji ya yi atishawa. Aka sake. A ashirin da biyar, saura kaɗan, Hajiya Yagana ta juyo ta tambaye ni ko na sa yaji a jaka. Aka sake. A karo na huɗu kowa ya daskare, ido ya yi ja, har talatin. Mahfuzu ya ce madalla, ya ja da baya don ya yi musu tafi, dutsen ya ɗauke ƙafafunsa biyu lokaci ɗaya, ya zauna daɓas.

"Metir, wannan ma cikin sirrin yake?" in ji Nasiha.

"Ina duba hasken ƙasa ne."

Lokacin azahar ya yi. Muka yi alwala a gefen rafin, maza suka yi gaba, mu muka yi baya. Ban taɓa salla a wurin da ba na jin muryar liman ba sai ranar. Mahfuzu ma ya yi, ba zan zalunce shi ba, sai dai yana sallama ya miƙe. Muna cikin cin abinci muka ga ya hau wata bishiya da igiya a baki, direba yana kan ta ɗaya gefen yana kama masa.

Sai naɗin nan ya warware, fuu, daga sama har ƙasa.

Labulen yayana ne. Ga ruwa shuɗi, ga agwagi biyu, ga gida mai jan rufi. Ya rataye shi tsakanin bishiyoyi biyu, daidai bayan kujera, ya rufe matsirgar Allah ruf. Ƙararta kawai ake ji daga baya.

Na ajiye lomar da ke hannuna.

"Mahfuzu, me nake gani haka?"

"Goggo, aiki ne. Babana bai taɓa ɗaukar mutum babu labule ba. Mutumin kirki ba a ɗaukarsa a gaban daji kamar wanda ya ɓata."

"To me muka zo yi nan?"

"Iskar wurin. Tana shiga hoto, gwani ne kawai yake ganinta."

Angèle ta zo ta tsaya gaban labulen, ta leƙa bayansa, ta dawo gabansa. Ta tambayi direba ko mutanen birni duk haka suke. Nasiha kuwa ta kifa kai a cinyata, kafaɗunta suna rawa.

Na ɗauka Alhaji zai yi faɗa. Sai na ga ya tashi, ya goge hannu, ya tsaya yana kallon labulen, kai a karkace.

"Ka san kuwa," in ji shi a hankali, "wannan ta fi tsabta."

"Ka ji, Alhaji!"

"Kuma a miƙe take."

"Ga agwagi," in ji Malam Walid. "Waccan ko kaza ba ta da ita."

"Kuma tana tare feshin nan," in ji Alhaji, ya zauna a kujera, ya gyara rawani.

Hajiya Yagana ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Awa uku mota tana kaɗa mini ƙugu don in zo in tsaya gaban tsumman da na tsaya gabansa da goyon fari?"

"Hajiya, riƙe furen, ɗan ɗago haɓa."

Ta riƙe, amma irin kallon da ta yi wa kyamarar, da mutum ne da ya nemi gafara.

Ya ɗauka. Ya sake ɗauka. Ya buɗe laimominsa, ya ce wannan na shugaban ƙasa ne. Ya cire kyamarar daga kan ƙafa uku ya riƙe a hannu, ya ce saura na ƙarshe, wanda jikoki za su yi faɗa a kansa. Babu wanda ya lura labulen ya jiƙe sharkaf ta baya, babu kuma wanda ya lura ganyaye sun fara kaɗawa, sai Angèle, da ta tattara kwandonta ta koma can nesa ta zauna kamar mai jiran kallo.

Iskar ta zo gaba ɗaya. Laima ɗaya ta tashi ta bi rafi. Labulen ya kumbura kamar cikin saniya, igiyar hagu ta tsinke, ya faɗo ya naɗe Alhaji da kujerarsa da Malam Walid a dunƙule ɗaya. Hajiya Yagana ta tsira don ta yi tsalle irin wanda ban san tana da shi ba. Daga cikin labulen muna jin Alhaji yana salati, Malam Walid yana cewa, "Ƙafata ce, Alhaji, ƙafata ce ka taka!"

"Kada ku yaga! Gado ne!" in ji Mahfuzu, ya ruga ya cafki bakin igiyar da hannu ɗaya.

Iska ta sake cika labulen, ta fizge shi daga kan dattawan, ta ja shi wajen ruwa, Mahfuzu yana biye. Ya bi ta kan baƙin dutsen nan a tsaye, ƙafafu ba sa motsi, kamar ana jan akuya a kan siminti. Ya wuce ni, idonsa a waje, yana cewa, "Goggo! Goggo!" Sai tsundum.

Allah Ya sa wurin ba zurfi, iyakarsa wuya. Ya saki igiya, labule ya tafi ya maƙale a wani reshe can ƙasa. Amma kyamarar ko ɗigo ba ta sha ba, don ya ɗaga ta sama da hannu biyu, kansa kawai ke waje, yana ihu a zo a karɓi aparai tukuna, shi ya iya jira. Daidai lokacin rana ta faɗo kan matsirgar, bakan gizo ya fito a cikin feshin, daga wannan dutse zuwa wancan. Na ga Nasiha ta ɗaga waya sau ɗaya, sannan ta ruga ta taya direba miƙa masa sanda.

Da aka tayar da dattawa, farar shaddarsu ta koma shuɗiya, don fentin shekara talatin ya sauka a kansu. Alhaji har gemu. A bayan rigar Malam Walid kuwa akwai wani jan tabo mai kusurwa huɗu, rufin gidan nan ne ya fito sak.

Mahfuzu ya fito yana ɗigar ruwa, haƙora suna haɗuwa.

"Na riga na ɗauka," in ji shi. "Makulli ya zauna."

Muka kamo hanyar Garuwa. Wannan karon bai yi musu ba da aka ce ya koma baya, don murfin inji ne kowa yake so saboda ɗumi.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Alhaji. Labari ya zaga cewa za a ga matsirga, don haka har waɗanda ba sa zuwa taro sun zo, mata a cikin soro, maza a kan tabarmi. Madam Delphine, wadda take buga mana kalanda, ta zo da kwamfutarta, aka fito da talabijin ɗin Alhaji aka haɗa.

Mahfuzu ya miƙe cikin kwat, ya yi jawabi. Ya ce akwai masu danna waya, akwai masu hoto. Ya ce ya shiga daji, ya shiga ruwa, ya yi kasada da ransa saboda jama'a. Ya ce duk mai ciwon zuciya ya zauna da kyau.

Hoto na farko ya fito. Fari fat, sai wata inuwa a tsakiya.

"Wannan hazo ne na gwaninta. Wuce."

Na biyu ya fito. Ruwan ya yi sumul, gaskiya, kamar siliki. Sai dai Malam Walid yana da hannu huɗu, ɗaya yana marin wuyansa. A na uku Alhaji yana da kai biyu, ɗaya yana kallon gabas, ɗaya yana atishawa. Yara suka fara dariya, aka tsawatar musu, manya suka karɓa.

"Gwaji ne! Madam, wuce, kai mu na ƙarshe."

Na ƙarshe ya fito. Hoto ne mai kyau, ban taɓa ganin mai kaifinsa ba. Ana ganin kowane zare na rawanin Alhaji. Ana ganin ƙurar da ke kan furen roba. Ana kuma ganin ɗinkin da na yi wa labulen da hannuna shekarar da ɓera ya ci shi, da rubutun da ke ƙasan kusurwa: Foto Mahmudu, Garuwa.

Wani tsoho daga baya ya miƙe, ya matso, ya kare ido da hannu.

"Kai, waɗannan ba agwagin aurena ba ne?"

"Ai na aurena ne, Baba, suna rataye a ɗakina!" in ji wani.

"Ni ma ina da su!"

"To ina matsirgar?"

"Tana baya," in ji Mahfuzu.

"Bayan me?"

"Bayan wannan."

Wani mai sayar da takalma ya ce, "Jama'a, a yi mana bayani. An ce mana an tafi daji tun asuba. Ashe layin masu shadda aka je aka kulle ƙofa?"

"Wallahi mun je!" in ji Malam Walid. "Ga cizon ƙuda a wuyana!"

"Ƙuda ai akwai shi a mahauta, Malam."

"Ni da ma na yi mamaki," in ji wata daga cikin soro. "An ce ruwa aka je gani, aka dawo da shuni."

Wurin ya kaure. Alhaji Mahamat, mutumin da shekara ashirin ba a taɓa mayar masa da magana ba, ya ga ana kallonsa ana murmushi. Har yanzu akwai sauran shuɗi a gemunsa. Ya juya wajen soro.

"Nasiha! 'Yata, don Allah kawo wayar nan."

Ta fito a hankali, ta durƙusa ta gaishe da dattawa, ta miƙa wa Madam Delphine. Da ta zo wuce Mahfuzu ta ce, ƙasa-ƙasa, "Metir, a ba ni izini?"

Ya kau da kai.

Uku na farko suka wuce, mutane suna "Masha Allah." Na huɗu ya cika talabijin. Ga ruwan nan ja yana faɗowa da dukkan ƙarfinsa, ga itatuwa, na hagu sun fi yawa, ga bakan gizo ya ratsa feshin. Tsohon da ya yi maganar agwagi ya ce, "Allahu Akbar. A ƙasar nan wannan yake?" A gefe ɗaya kuma ana hango Alhaji, shuɗi, yana rarrafe yana neman takalmi.

"Kun gani ko? Mun je!" in ji Alhaji. "Madam, wannan za a buga. Amma ki yanke gefen nan."

"Wi, Alhaji. Wannan ɗan abin na ƙasa fa? Shi ma in cire?"

Ta matso da shi. A gindin matsirgar, ƙanƙane kamar ƙwayar gyaɗa, ga kai a cikin ruwa, baki a buɗe, hannu biyu a sama riƙe da kyamara.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin a iya jin maganar kowa saboda dariya. Hajiya Yagana ce ta yi rinjaye.

"A bar shi. In babu shi ba za a san girman ruwan ba."

A nan gaban jama'a Alhaji ya miƙa hannu. Mahfuzu ya laluba aljihun kwat, ya ciro makullin, ya daɗe yana kallonsa. Na tuna hannun yayana a kan makullin nan, na sunkuyar da kai. Ya ajiye shi a tafin Alhaji, Alhaji ya ba Nasiha.

"Ƙofar tana cijewa," in ji shi, bai dube ta ba. "Sai kin ɗaga ta sama kaɗan."

"Na gode, Yaya."

Ban taɓa jin ta kira shi haka ba.

Kalanda ta fito a watan Disamba. Babu shagon Bahaushe a Garuwa da ba a rataye ta ba, har Bogo an kai. Na ɗauka Mahfuzu zai yi wata guda bai leƙo kasuwa ba. Washegari na je kai wa Nasiha abinci, kekuna uku suna ta ƙara a ɗakin, sai na tarar da shi a kan bencinsa na da, kalanda a cinya, ya tara mutum biyar, yatsansa a kan ƙwayar gyaɗar nan.

"Ku duba da kyau. A cikin mu shida da muka je, wa ya hau kalanda? Shugaba ma yanke shi aka yi." Ya ɗaga murya wajen ƙofa. "Ke mai waya! Nuna musu inda kike a ciki!"